Kwana Tara A Malmo, Inda Maƙwabta Biyu Suka Sake Haɗuwa

Duk wanda ya yi niyyar zuwa Malmo daga wata uwa duniya, galibi sai ya fara sauka a ƙasar da ba ita ya nufa ba. Ita Malmo a ƙasar Suwidin ta ke, can ƙurewar kudu, amma filin jirgin saman da baƙinta suka fi bi na Kofanhegan ne, babban birnin Danmak. Nan na sauka ran Jumma'a, 6 ga watan Disamba na 2024, na gangara ƙarƙashin ginin na shiga jirgin ƙasa. Ba mu jima da tashi ba sai jirgin ya nutsa cikin wani rami da aka yi a ƙarƙashin teku, muka yi tafiyar kamar kilomita 4 ba mu ganin kome, muka ɓullo a kan wani tsibiri wanda ba halitta ba ne, mutane suka tara ƙasa da duwatsu suka yi shi. Daga nan muka hau wata gada mai tsawon kusan kilomita 8, motoci na gudu a bisa kanmu, mu muna bin hawan ƙasa, ruwa kuwa dama da hagu har iyakar ganin ido. A shekarar 2000 aka buɗe gadar nan. Kafin wannan, sai dai mutum ya jira jirgin ruwa.

Tashar farko a ɓangaren Suwidin sunanta Hyllie. Da na hauro daga cikinta, abin da na fara yin ido biyu da shi shi ne ainihin wurin da ya kawo ni, watau babban ɗakin wasanni da a ke kira Malmo Arena, wanda ke cin mutum sama da 12,000. A nan za a buɗe gasar duniya ta maza karo na 15 a wani wasa da Turawan Ingila ke kira fulobol, mu kuwa bari mu ce masa ƙwallon daɓe. Za a fara ran Asabar 7 ga wata, a gama ran Lahadi 15.

Na san mai karatu zai ce, wane wasa ne kuma wannan? Ba laifinsa ba ne. Wanda ya yi makarantar kwana a da, ya ga a na ƙwallon gora a fili, to, ya sami bakin zaren, sai dai ya rage kome da kome, ya mayar da shi cikin ɗaki. Filin mita 40 ne a tsawo, 20 a faɗi, an kewaye shi da wata 'yar katangar roba wadda ba ta wuce gwiwa ba, santimita 50 kacal, ƙwallo na dukanta ta dawo, wasa bai tsaya ba. Kowane ɓangare mutum biyar ne da mai tsaron gida. Gorar mara nauyi ce, bakinta na roba ne mai lanƙwasa. Ƙwallon kuwa girmanta kamar na lemon zaƙi, ta roba ce, cikinta fayau, an huda mata ƙofofi 26, nauyinta giram 23. Ƙwan kazar gidan gona ya ninka ta nauyi har da ɗoriya. A na yin wasan kashi uku, kowane kashi minti 20, kuma da an busa usur agogo ke tsayawa, ba a cutar kowa da ɓata lokaci. Ba a taɓa ƙwallo da hannu ko da ka, ba a dukanta da gora idan ta haura gwiwa, wanda ya yi babban laifi kuwa alƙalan wasa, su biyu ne, sai su kore shi benci ya yi minti biyu, 'yan'uwansa su yi ta fama su huɗu.

Abin da ya fi ba ni mamaki mai tsaron gida ne. Shi ba shi da gora ko kaɗan. A durƙushe ya ke bisa gwiwoyinsa a bakin ragar da faɗinta santimita 160 ne, tsayinta 115, fuskarsa cikin ƙarfe, yana jan jiki dama da hagu kamar mai neman gafara a gaban alƙali, alhali kuwa abin da ke zuwa masa ido ba ya iya bin sa. Ranar farko na yi ta kallon ragar ne kurum, don ta nan kaɗai na ke gane an ci. Sai a rana ta uku idona ya fara kama ƙwallon. Kuma ba a jiran izini kafin a canja ɗan wasa: mutum ya yi gudun minti ɗaya ko ƙasa da haka, ya tsallake katanga ya zauna yana haki, wani ya faɗo a madadinsa, sau da yawa ma duka biyar ɗin ke fita gaba ɗaya.

Amma wanda ya ke so ya gane dalilin wasan nan, ba cikin ɗakin zai tsaya ba, sai ya fito waje ya dubi sama. A Malmo cikin watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas da rabi na safe, kuma kafin ƙarfe huɗu na yamma ta fāɗi. Ko a tsakanin nan ma ba lalle ka gan ta ba, sai wani haske mai toka-toka, da iska mai laima da ke tasowa daga teku tana ratsa riga uku. Wannan fa a kudu ke nan, inda su ke ganin suna cikin sauƙi. A Helsinki, babban birnin Finlan, hasken bai cika sa'a shida ba, can arewa mai nisa kuwa a kan yi makonni ba a ga ƙwayar rana ba. To, yaron da ya taso daga makaranta ya tarar duhu ya riga shi gida, ina zai kai ƙuruciyarsa? Ƙwallon ƙafa ba ta yiwuwa a fili mai ƙanƙara. Ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, wadda su ke ji da ita ƙwarai, tana bukatar takalman sulɓi da sulke da kuɗi mai yawa. Amma kusan kowace makaranta tana da ɗakin motsa jiki mai ɗumi da fitila. Saboda haka da gorar roba ta shigo Suwidin daga Amurka wajen ƙarshen shekarun 1960, a matsayin abin wasan yara, sai ta tarar da gida a share. Ɗalibai suka karɓe ta, ma'aikata suka riƙa yi bayan an tashi aiki. A 1979 aka kafa kulob na farko a garin Sala, a 1981 aka kafa ƙungiyar wasan ta ƙasar Suwidin, ran 12 ga Afrilu 1986 kuma Suwidin da Finlan da Siwizalan suka taru a garin Huskvarna suka kafa ƙungiyar duniya, wadda ofishinta ke Helsinki. Mutanen Suwidin na ce wa wasan innebandy, na Finlan na ce masa salibandy, kuma ma'anar duka biyun ba ta wuce ƙwallon gora ta cikin ɗaki ba. Masu rajista a Suwidin kaɗai sun haura 100,000, ban da waɗanda ke yi don nishaɗi.

Da ya ke ba a fara wasannin sai rana ta ɗaga, in ma za a ce ta ɗaga, na sami sukunin zaga gari. Malmo ita ce ta uku a girma a Suwidin, bayan Istokholm da Gotenbag, mutanenta sun haura 350,000. Da can ta Danmak ce. A 1658, bayan an sha yaƙi, aka yi yarjejeniyar Roskilde, Danmak ta sallama wannan yanki duka, ga kuma gunkin sarkin da ya ƙwato shi, Karl na 10 Gustaf, a bisa doki a tsakiyar babban dandalin gari. Har yanzu mutanen Istokholm na tsokanar na nan da cewa harshensu rabi na Danmak ne.

Wani dattijo da muka haɗu a bakin ruwa, wanda ya ce ya yi ƙuruciyarsa a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Kockums, ya nuna mini wani wuri a sama inda babu kome sai gajimare. A nan, in ji shi, ƙatuwar ƙugiyar ɗaga kaya ta ma'aikatar ta ke tsaye a da, tsayinta mita 138, wadda masu jirgi ke hangowa tun daga teku su san sun iso gida. Cikin shekarun 1980 aikin ƙera manyan jiragen kasuwanci ya mutu a garin, dubban mutane suka rasa abin yi, a 2002 kuma aka sayar da ƙugiyar ga wani kamfani na Koriya ta Kudu a kan dala ɗaya tak, aka kwance ta aka tafi da ita Ulsan. Mutanen can suna kiranta hawayen Malmo. Ba nisa da wurin yanzu akwai wani dogon bene mai mita 190 da aka gama a 2005, wanda aka gina shi a murɗe kamar an matse wanki. Na tambayi dattijon ko benen ya maye masa gurbin ƙugiyar. Ya ɗaga kafaɗa kurum, ya gyara wuyan rigarsa. Ban ƙara tambaya ba.

A garin nan ne aka haifi Zlatan Ibrahimovic a 1981, ya tashi a unguwar Rosengard, kuma kulob ɗin ƙwallon ƙafa na garin ya taɓa kaiwa wasan ƙarshe na kofin Turai a 1979, inda Nottingham Forest ta ci shi ɗaya da nema. Mazauna Malmo sun fito daga ƙasashe sama da 170, in ka shiga kasuwar Mollevang kuwa sai ka ji Larabci da Farisanci da Somaliyanci suna tashi, ga masu tuyar wani ƙosan Larabawa da a ke kira falafel ko'ina. A nan na sha 'yar kunya. Na canja kuɗi tun a hanya, na shiga wani kanti na sha shayi na miƙa takarda, sai yarinyar ta nuna mini wani rubutu a jikin teburi: ba su karɓar tsabar kuɗi, sai katin banki. Da ƙyar na lalubo nawa a ƙasan jaka, mutane na tsaye a bayana ba wanda ya ce uffan. Wannan shirun nasu ya fi zagi ciwo.

Ƙasashe 16 ne suka zo gasar, an kasa su rukuni huɗu, amma ba a yi rabon a makance ba. Manya takwas suna rukuni biyu na sama, sauran takwas suna biyu na ƙasa, don kada a haɗa giwa da ɗan akuya tun ranar farko. Yawancin wasannin ƙananan a wani tsohon ɗaki aka yi su mai suna Baltiska hallen, ginin 1964, wanda ke maƙwabtaka da filin da aka buga wasu wasannin kofin duniya na ƙwallon ƙafa a 1958. Ni dai na fi jin daɗin can. Kana zaune dab da fili, kana jin ƙarar takalma a kan daɓe da muryar mai horarwa. Can na ga 'yan Tailan da Filifin da Ostareliya da Kanada, mutanen da suka ƙetaro rabin duniya, sun sani sarai kofin ba nasu ba ne, amma in suka ci ƙwallo ɗaya sai ka ce sun ci gari da yaƙi. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikin sha shidan nan.

A nan ne kuma tambayar da ke cina tun a hanya ta fito fili. An ce gasar duniya, to, duniyar nawa ce? Tun da aka fara a 1996, a na yi duk bayan shekara biyu, ba ƙasar da ta taɓa ɗaukar kofin sai Suwidin da Finlan. Suwidin ba ta taɓa rasa zuwa wasan ƙarshe ba ko sau ɗaya. Sau uku kaɗai wata ta kutsa tsakaninsu: Siwizalan a 1998, Jamhuriyar Cek a 2004 da 2022, dukansu kuwa sun sha kaye. Masu riƙe da wasan sun san wannan ciwo ne. Kwamitin wasannin Olamfik na duniya ya amince da ƙungiyarsu sosai da sosai a 2011, an kuma sa wasan a cikin babban taron wasannin da ba na Olamfik ba a garin Wroclaw na Polan a 2017, amma ƙofar Olamfik ɗin kanta ba ta buɗe ba. Ina ganin da wuya ta buɗe muddin kowa na iya faɗin waɗanda za su yi wasan ƙarshe tun kafin a busa usur na farko. Shi ya sa da Latbiya, 'yar ƙaramar ƙasar da mutanenta ba su cika miliyan biyu ba, ta kutsa cikin huɗun ƙarshe a Malmo, Siwizalan kuwa ta tsaya a waje, na ga har waɗanda ba ruwansu suna murna. Latbiya ta huɗu ta ƙare, Cek ta uku.

Sai dai kuma, in an bar zancen duniya, abin da ke tsakanin maƙwabtan nan biyu ya isa kallo shi kaɗai, kuma ya girmi gorar roba nesa ba kusa ba. Finlan ta yi shekara wajen 600 tana cikin mulkin sarakunan Suwidin, har zuwa 1809 da Rasha ta ƙwace ta, ba ta sami 'yancin kanta ba sai 1917. Har yau harshen Suwidin yana cikin harsunan hukuma biyu na Finlan. Cikin shekarun 1960 da 1970 mutanen Finlan masu ɗimbin yawa suka ƙetara Suwidin neman aiki a masana'antu. Zaman wa da ƙane ne, kuma kowa ya san yadda ƙane ke ji in ya sami ranar da zai kai wansa ƙasa.

Ranar ta daɗe ba ta zo ba. A gasar farko, 1996, gaban mutum 15,106 a Istokholm, Suwidin ta ci Finlan 5 da nema. Ta ɗauki kofin sau shida a jere. A 2006 Finlan ta kai ta har ƙarin lokaci, ta faɗi 7 da 6. Sai a 2008, a birnin Firag, reshe ya juye da mujiya: 7 da 6 ɗin nan dai, cikin ƙarin lokaci, amma wannan karo Tero Tiitu na Finlan ne ya jefa ta ƙarshe. Finlan ta ƙara a gida a 2010, Suwidin ta karɓe a 2012 da 2014, Finlan ta dawo a Riga a 2016 da bugun fanareti, ta kuma ƙara a Firag a 2018 gaban mutum sama da 16,000. Gasar 2020 annobar korona ta tura ta zuwa Disamban 2021, a nan kuwa Suwidin ta je har Helsinki ta ci masu gida 6 da 4, ta kuma riƙe kofin a 2022. Saboda haka da aka zo Malmo, Suwidin na da kofi 10, Finlan na da 4, kuma sau uku da aka yi gasar a ƙasar Suwidin, 1996 da 2006 da 2014, ba wanda ya fita da kofin daga gidan.

Ran Jumma'a 13 ga wata, a na saura kwana biyu a gama, na tashi da sassafe na ji waƙa a masaukinmu. 'Yan mata ne cikin fararen riguna har ƙasa, ta gabansu da kambin kyandirori a ka, suna tafe a hankali cikin duhu. Bikin Lusiya ke nan, da a ke yi kowace shekara a wannan rana, a na raba wani burodi rawaya mai za'afaran. Ban fahimci kalma ɗaya daga waƙar ba, amma na lura kowace taga a garin akwai fitila a jikinta, ko da mai ɗakin ba ya nan.

Ran Lahadi tun la'asar tashar Hyllie ta cika da rawaya da shuɗi, launin masu gida, ga kuma 'yan tsirarun fari da shuɗi na Finlan sun haɗu wuri guda da gangunansu. Kusa da ni wani magidanci ne da 'ya'yansa biyu, kowanne da 'yar gorarsa a hannu, kai ka ce za a kira su su shiga. Suwidin ta shiga wasan da zafinta, ta wuce gaba da rata mai yawa, ɗaki ya ɗauki kuwwa har benci na rawa. Magidancin nan ya juyo ya yi mini murmushi irin na wanda ya gama cin kasuwarsa. Ni ma, in faɗi gaskiya, na fara tunanin yadda zan riga taro fita.

Ashe da sauran rina a kaba. 'Yan Finlan ba su ruɗe ba, ba su kuma yi gaggawa ba, suka riƙa rage bashin ɗaya bayan ɗaya. Abin da na lura da shi shi ne yadda shiru ke sauka a kan dubban mutane: ba gaba ɗaya ya ke zuwa ba, kowace ƙwallo da ta shiga sai ta ɗebe wani kashi na hayaniyar, har ya zamana gangar baƙi kaɗai a ke ji. Masu gida da ɗazu ke kai hari sai ga su suna ta share ƙwallo daga bakin ragarsu, suna duban agogo. Minti 60 suka cika a na 4 da 4. A ƙarin lokaci ba a jiran agogo, wanda ya fara ci shi ke nan. Finlan ta ci. Kafin in ankara 'yan benci duka sun tsallake katangar nan sun rufe wanda ya jefa ta, gorori sun watse a daɓe, 'yan Suwidin kuwa wasu a tsaye sun dafa gora, mai tsaron gidansu na nan a durƙushe inda ya ke. 5 da 4. Kofi na biyar ga Finlan, kuma karo na farko da aka ci Suwidin a wasan ƙarshe a cikin gidanta, shekara uku bayan abin da ta yi musu a Helsinki.

Ƙaramin yaron da ke kusa da ni ya kifa fuska a jikin rigar ubansa. Uban bai ce kome ba, ya tsaya har aka miƙa kofin, ya tafa wa baƙi, ya sa 'ya'yan su ma suka tafa, sa'an nan ya karɓi gorar ƙaramin ya riƙe masa suka fita.

Washegari Litinin na koma tashar Hyllie wajen ƙarfe takwas na safe, gari bai waye ba tukuna. Ma'aikata na sauke allunan gasar daga jikin ɗakin, don ainihin masu wurin 'yan ƙwallon gora ta kan ƙanƙara ne, suna jiran a kwashe daɓen a mayar musu da abinsu. A bakin titi na wuce wasu 'yan makaranta, biyu daga cikinsu da bakin gora ya leƙo daga jakar baya. Cikin jirgin na tarar da 'yan Finlan huɗu za su filin jirgin sama, muryoyinsu duk sun dushe. Na yi wa na kusa da ni barka, ya gyaɗa kai, ya ce gasar 2026 tasu ce, a garin Tampere, kuma ya san maƙwabta za su zo da bashi a ransu. Bai ƙara kome ba, ya jingina kai da taga ya yi barci tun ba mu sauka daga kan gadar ba.